Yadda Za Ka Gane Ko Hayar Mota Za Ta Amfane Ka Idan Ka Sauka Yamai

A nan Maraɗi abin hawa ba ya hana mutum barci. Ka fito ƙofar gida, kafin ka gama gyara hula ɗan kabu-kabu ya tsaya gabanka, in kuma da kaya ko iyali ga adaidaita. Shi ya sa duk wanda zai je Yamai karon farko, ko zai kai mara lafiya, ko zai bi wata takarda a ma'aikatun gwamnati, tambayar da yake kawo mini ɗaya ce: "Alhaji, in na sauka in ɗauki hayar mota, ko yaya zan yi?" Na daɗe ina bin wannan hanya saboda kasuwa. Na hau taksi, na yi shatarsa yini guda, na ɗauki mota da direbanta, na kuma ɗauka na tuƙa da kaina. Galibin masu tambayata ba su buƙatar motar haya. Amma akwai wanda in bai ɗauka ba ya cuci kansa, ya cuci wanda ya ɗauko. Ana rarrabe su tun daga gida, da takarda da biro, kafin a sayi tikitin bas.

Abin da za ka tanada

Takarda da biro, domin lissafin da aka yi a ka ba ya tsayawa. Waya mai ɗaukar hoto, da cajarta, da ɗan intanet saboda taswira. Katin ɗan ƙasa. Permi, wato lasisin tuƙi, idan kana tunanin tuƙi, kuma na asali, ba kwafi ba. Ƙaramar mota permi B take buƙata. Kuɗi kashi biyu: ƙananan canji na dala ashirin, dala arba'in da dala ɗari a aljihun gaba, manyan takardu kuma a wani wuri daban. Abu na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci: lambar mutum ɗaya mazaunin Yamai, ɗan'uwa ko abokin kasuwa, wanda zai faɗa maka gaskiyar farashi na wannan makon. In ba ka da kowa, tambayi mai masaukin da za ka sauka, ko ƴan Maraɗi da ke da shaguna a Babbar Kasuwa da Katako. Ba su da wuyar samu.

1. Rubuta duk inda za ka taka

Jera wuraren ɗaya bayan ɗaya, kowane da unguwarsa, ranarsa da lokacinsa. Kada ka rubuta "asibiti" kawai. Babban Asibitin Ƙasa yana tsakiyar gari, asibitin Lamorde kuma yana ƙetaren kogi, ɓangaren Harobanda inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Kogin Isa ya raba Yamai biyu, kuma gadoji uku ne ke haɗa ta: tsohuwar gadar Kennedy, gadar da Sin ta gina wadda aka buɗe a 2011, da gadar Seyni Kountché ta 2021. Duk tafiyar da za ta sa ka ƙetara kogi da safe ko da yamma, ka sa mata alama, domin nan ne lokaci da kuɗi suke tafiya.

Da ka gama, dubi takardar. In wurarenka sun taru a Plateau, Babbar Kasuwa da kewayensu, kuma ba ka wuce fita biyu ko uku a yini, maganar haya ta kusa ƙarewa tun a nan. In kuwa safiya kana Talaje, hantsi kana Yantala, azahar kana Harobanda, la'asar kuma filin jirgin Diori Hamani, to ci gaba da karantawa a hankali.

Kuskuren da na fi gani a wannan mataki shi ne cusa ma'aikatu huɗu ko biyar cikin yini ɗaya. Mota ba ta rage layi. Wanda zai yi awa uku a zaune yana jiran sa hannu, motar hayarsa tana waje tana cin kuɗi. Ka kuma tuna ranar Juma'a ma'aikatu suna tashi da rana, kada ka biya yini cikakke don aikin rabin yini.

2. Dubi wanda ke tare da kai, da abin da ka ɗauko

Kai kaɗai da jakar hannu, taksi ya ishe ka. Amma tsohuwa da ba ta iya tsayuwa, ko mara lafiya da aka yi wa aiki, ko mai ciki, ko yara uku, ba a tsayar da su bakin titi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ana jiran taksin da zai yarda da unguwarku. Lokacin da na kai mahaifiyata ganin likita, mun yi kwana biyar ana tura mu daga gwaji zuwa hoto, daga hoto zuwa kantin magani. A yinin farko na yi ƙoƙarin tsimi da taksi, na ga yadda ta jigata, har yau abin yana damuna. Daga washegari na ɗauki mota da direba, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya fi wannan dacewa ba.

Haka batun kaya. Kwali biyu ko uku taksi zai ɗauka da ɗan ƙari. Kaya masu yawa kuwa ba aikin motar haya ba ne: ka kai su tashar kamfanin bas ko wurin masu manyan motoci a yi musu rasit, su same ka a gida.

3. San zaɓin da ke gabanka

Mutane suna ɗauka zaɓi biyu ne, haya ko taksi. Huɗu ne.

Na farko taksin gari, farare masu jan kai. Ba kamar kabu-kabu ba ne da kake hawa kai kaɗai. Ana haɗa fasinjoji ne: ka tsayar, ka faɗi inda za ka, in ya dace da hanyar waɗanda ke ciki ya ce shiga, in bai dace ba ya wuce, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Wuri mai nisa ana biyansa kamar tafiya biyu ko fiye, don haka ku daidaita kafin ka zauna. Faɗi wurin da kowa ya sani, kamar kasuwa, masallaci, gidan mai ko shataletale, ba sunan layi ba. Yawancin direbobi suna jin Hausa ko da Zabarmanci ne harshensu. Akwai kuma ƙananan bas da ake kira faba-faba masu bin unguwannin gefe, sun fi araha amma sai mai haƙuri. Ƴan kabu-kabu ba su cika gari ba kamar a nan gida, kada ka dogara da su.

Na biyu shatar taksi, abin da can suke kira lokasiyo. Ka sami direba mai hankali, ku yi ciniki na awa ko na yini, ya zama naka kai kaɗai. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin baƙi masu zirga-zirga da yawa. Ba kuɗin ajiya, ba yarjejeniya mai tsawo, motar tasa ce, in ta lalace shi ya san bakanikensa, in ɗan sanda ya tsayar shi ne zai yi magana. Rauninta shi ne yawancin taksi ba su da kilim, wato na'urar sanyaya mota, wasu kuma sun tsufa.

Na uku haya da direba. A Yamai wannan ne aka fi sabawa da shi, kuma masu motoci da yawa ba su ma yarda su ba baƙo makulli. Ka sami mota mai sanyi, mai tsabta, da wanda ya san gari.

Na huɗu haya ba direba, kai da sitiyari. Zan dawo kansa.

Wani zai ce me ya sa ba zai tafi da motarsa daga Maraɗi ba. Tafiyar ta kai wajen kilomita 660 a kan babbar hanya ta ɗaya: Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Yini guda ne cur, ga mai zuwa da dawowa, ga kuɗin hanya, ga shingayen bincike, ga gajiya. In iyali ne cike da mota kuma za ku yi mako biyu, yana iya biya. Don kwana uku kai kaɗai, hau bas ka huta. Aron motar ɗan'uwa kuwa, ni na daina ba da wannan shawara. Ƙaramar ƙujewa a jikin mota tana iya ɓata zumuncin shekaru.

4. Yi lissafi har ƙarshe

Ja layi tsakiyar takardarka. A hagu, rubuta kuɗin taksi na kowace tafiya kamar yadda mutuminka na Yamai ya faɗa maka, ka ninka da yawan mutanenka, ka ƙara wani abu don tafiyar dare. A dama, rubuta kuɗin haya, amma kada ka tsaya kan lambar da aka fara faɗa maka, domin ba ita ce ƙarshe ba.

A ce an ce maka jika 25, wato sefa dubu 25, a yini. Tambayi mai: kusan kullum a kanka yake. Litar esansi, wato fetur, a gidan mai ta koma wajen dala ɗari bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Yulin 2024, gazuwal kuma ya ɗan fi haka. Ƙaramar mota da kilim a kunne cikin cunkoso tana iya shan lita 10 a kilomita 100, don haka yawon kilomita 50 zai ci maka kusan jika biyu da rabi. Babbar mota mai hawa rairayi ta fi haka sosai. Sai abincin direba, da ƙarin kuɗi in kun wuce lokacin da aka yanka. Sai ɗan abin da ake ba yaran da ke gadin motoci a bakin kasuwa. Sai kuɗin ajiya, wanda ko za a mayar maka, ya fita daga hannunka a kwanakin da kake buƙatarsa. Kafin ka farga jika 25 ta zama 32, kwana huɗu kuma sun haura jika 120.

Yanzu kwatanta. In hagu bai kai rabin dama ba, kuma ba ka da mara lafiya, ka bar haya. In sun yi kusa, ɗauki mota, domin lokacin da za ka tsira da shi ma kuɗi ne. Akwai kuma hanyar tsakiya da mutane ke mantawa: ba dole ka yi haya duk kwanakin ba. Tara tafiye-tafiye masu nisa cikin yini ɗaya ka yi haya a ranar, sauran kwanakin ka hau taksi.

Abu ɗaya nake roƙo kada ya shiga lissafin: abin da mutane za su ce. Na ga waɗanda suka je biki suka ɗauki babbar mota don a gan su, suka dawo suna neman bashin kuɗin makarantar yara.

5. Faɗa wa kanka gaskiya game da tuƙi

Iya tuƙi a Maraɗi daban, iya shi a Yamai daban. Mu nan mun saba da babura ta ko'ina, can kuwa taksi ne zai tsaya gabanka ba sigina saboda ya ga fasinja. Akwai manyan shataletale, akwai gadojin sama irin ta Mali Bero da ta Diori Hamani waɗanda in ka kuskure hannu sai ka yi dogon zagaye, akwai titunan da ake bi ta hannu ɗaya. Kusa da fadar shugaban ƙasa da barikokin soja akwai wuraren da ba a tsayawa, ba a ɗaukar hoto, wasu ma ana rufe su, kuma baƙo ba ya sanin iyakarsu. Da ka sauka daga kwalta cikin unguwa kuma sai rairayi mai riƙe ƙaramar mota. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yana kwanciya ya rufe ramuka, taswirar waya kuma ba ta san wannan ba.

In ba ka taɓa tuƙi a Yamai ba, ko ba ka iya zuwa daga tasha zuwa masaukinka ba tare da tambaya ba, ɗauki direba. Bambancin kuɗin bai kai darajar fitilar mota ɗaya ba. Wanda ya taɓa zama a garin, ya san hanyoyinsa, shi ne tuƙi da kansa zai yi wa daɗi.

6. Nemo motar, ka duba takardunta

Akwai kamfanonin haya masu ofis, wasu a manyan otal da filin jirgi, akwai kuma mutane masu mota ɗaya ko biyu da ake samu ta hanyar sani. Kamfani ya fi tsada amma yana da rasit da wurin da za ka koma. Mutum ɗaya ya fi sauƙi, sai dai kada ka karɓa sai ta hannun wanda ya san shi, ya san gidansa. Kada ka tura kuɗi ta NITA ko Airtel Money ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp kafin idonka ya ga mota.

Riƙe takardun da hannunka: kart giris (takardar mallakar mota), asirans (inshora), binyet (shaidar biyan harajin mota) da takardar duba lafiyar mota. Lambar da ke kan kart giris ta dace da wadda ke jikin mota. Dubi ranar ƙarewar asirans, ka kuma tambaya me ta rufe. Yawanci ta dole ce kawai, wadda ke biyan wanda aka buge, ba ta gyara motar da kake ciki. Ma'ana in ka ƙuje ta, daga aljihunka ne. In sunan da ke kan kart giris ba na mai ba ka motar ba ne, nemi bayani, in bai gamsar da kai ba ka tafi.

7. Zagaya motar kafin ka taɓa makulli

Da rana, ba da magariba ba. Kunna bidiyon waya, mai motar yana tsaye, ka zagaya a hankali kana nuna kowace ƙujewa da loɓawa, gilasai, madubai, fitilu, har rufin. Ɗauki hoton allon kilomita da allurar mai. Buɗe but ka ga tayar safaya da iskarta, da jak da abin kwance taya. Duba bakin mai da ruwa. Kunna kilim ka jira minti biyar, ka taka burki a ɗan zagaye. Tura hotunan ga mai motar ta WhatsApp nan take, don ranar da lokacin su zauna a wayoyinku biyu.

Na tsaya kan wannan ne saboda ya taɓa cin kuɗina. Na karɓi mota da dare wurin wani mutum, ina sauri, ban duba ba. Ranar mayarwa ya nuna mini tsagewa a ƙasan gilashin gaba. Na san ba ni na yi ba, amma ba ni da shaida, rabin kuɗin ajiyata ya tafi. In wayarka ba ta ɗaukar hoto mai kyau, zana motar a takarda, ka sa alama a wuraren da suka lalace, ku sa hannu ku biyu gaban shaida.

8. A rubuta yarjejeniya, ko da layi goma ne

Ko ɗan garinku ne, a rubuta. Allah ma ya umarce mu da rubuta bashi. Abin da zai shiga: kuɗin yini, da ma'anar yini, awa 24 ne ko daga safe zuwa magariba, iyakar kilomita in akwai, wa ke zuba mai, kuma da wane mai za a mayar, adadin kuɗin ajiya da ranar mayar da shi, wa ke biya in inji ya lalace ba da laifinka ba, kuma za a kawo wata motar ko za a cire kuɗin ranar. In da direba, a faɗi lokacin tashinsa da batun abincinsa.

A kuma rubuta iyakar inda motar za ta je. Farashin cikin gari daban yake da na fita, kuma saboda halin tsaro akwai hanyoyin wajen Yamai, musamman cikin jihar Tilaberi, da mai mota ba zai yarda ba, kai ma bai kamata ka matsa ba. Ƙetare iyakar ƙasa kuwa ba ya yiwuwa sai da izinin mai motar a rubuce da takardun duwan, wato kwastan. In an ba ka yarjejeniya da Faransanci kuma ba ka karanta shi sosai, kada ka ji kunya, kira wanda zai fassara maka layi-layi. Kada ka bar katin ɗan ƙasarka ko perminka na asali a matsayin jingina, kwafi ya isa, domin za a tambaye ka su a hanya.

9. Kwanakin da motar ke hannunka

Sha mai a gidan mai. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da na kwalba, amma a motar wani kada ka yi, in inji ya yi tari kai za a ɗora wa. In kun ji ana maganar ƙarancin mai a gari, cika tanki tun da safe. Da dare motar ta kwana cikin gida ko inda akwai mai gadi, kada a bar jaka ko waya a kan kujera. In da direba, ba shi jerin wuraren gobe tun yau, ka bar shi ya tsara wanda za a fara, ya fi ka sanin lokacin da gada ke cushewa. Ka ba shi lokacin salla da na abinci, ka kira shi da girmamawa, malam ko ɗan'uwa. Direban da aka mutunta shi ne zai nuna maka ƙofar da ake shiga ma'aikata da kantin maganin da ke buɗe da dare.

In tsautsayi ya faru, kada ka gudu, kada ka matsar da mota. Fara duba ko wani ya ji rauni, ka kira mai motar, ka ɗauki hoto, a jira ƴan sanda su yi konsta, wato su auna wurin su rubuta yadda haɗarin ya faru. Sulhun bakin titi ba tare da sanin mai motar ba yana iya sa asirans ta ƙi biya, nauyin duka ya dawo kanka.

10. Mayarwa

Mayar da ita da rana, awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta, da mai daidai inda ka karɓa. A wanke ta tukuna, domin ƙura tana ɓoye abin da za a zo ana gardama a kai daga baya. Ku sake zagayawa tare da bidiyon ranar farko a hannu, ka karɓi kuɗin ajiyarka a wurin, a rubuta a bayan yarjejeniyar cewa an karɓi mota lafiya, ya sa hannu. Duba ƙarƙashin kujeru da aljihun gaba, nan takardun asibiti da caja suke ɓuya.

Motocin kamfanonin bas irin su Rimbo, STM, Al Izza da sauransu masu zuwa Maraɗi yawanci da asuba suke tashi, lokacin da ba mai karɓar mota a hannunka. Don haka ka mayar tun jajibiri da la'asar, ka sayi tikitinka a ranar, sannan ka yi magana da direban taksi ɗaya ya zo ya ɗauke ka, ka karɓi lambarsa, ka kuma sake kiransa bayan isha'i don ka tabbatar. In ba ka samu ba, kamfanonin suna da wurin da fasinja ke kwana a cikin tasha. Kai kayanka tun dare ka kwanta can.